Karce da Tsaga: Wane Aibi ne Ke Rage Darajar Waya a Kasuwar Mubi?

Wayar salula ta fara shiga hannun jama'ar Nijeriya ne a shekarar 2001, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisi a watan Janairu, kamfanonin Econet da MTN kuma suka buɗe layukansu a watan Agusta, sannan a cikin shekarun da suka biyo baya ta sauka daga matsayin kayan ƙawa na masu hali ta koma kayan neman abinci, daidai da fartanya a hannun manomi ko keken ɗinki a gaban tela. A gari irin Mubi, wanda ke arewacin Jihar Adamawa a gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru, da waya ake tura kuɗin shanu, da ita ake jin farashin gyaɗa da wake kafin a ɗora buhu a mota, da ita kuma ɗalibi ke karɓar darasi ya biya kuɗin makaranta. Sai dai duk da wannan nauyi da aka ɗora mata, abin da mai saye ke fara dubawa, wanda kuma ya fi cinye lokacin ciniki, shi ne fatar jikinta: ko akwai karce a gilashi, ko kusurwa ta lotsa, ko launin baya ya koɗe. Tambayar da ta dace a tsaya a kanta ita ce ko waɗannan ƙananan aibobi sun cancanci irin wannan kulawa, kuma amsarta tana buƙatar a rarrabe abubuwan da ido ke haɗawa wuri guda alhali hukuncinsu ya sha bamban.

Akwai dalilan da suka sa tambayar ta yi nauyi a Mubi. Garin ya daɗe yana cin abinci daga kan iyaka, domin yana cikin yankin da Jamus ta mallaka kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya koma ƙarƙashin riƙon Ingila a matsayin ɓangare na Arewacin Kamaru, ya shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 har ya zama hedikwatar Lardin Sardauna, kuma har yau kasuwar shanunsa tana janyo fatake daga Kamaru da Chadi, ana ciniki da naira da sefa, da Hausa da Fulatanci. A kan haka aka ƙara dubban ɗalibai, tun da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta ƙaura daga Yola zuwa Mubi a 1982, aka kuma kafa Jami'ar Jihar Adamawa a garin a 2002. Ɗalibi da ɗan tireda da mai Keke Napep duk suna buƙatar waya mai intanet, amma ba kowa ke iya sayen sabuwa a kwali ba, musamman tun daga watan Yunin 2023 da Babban Banki ya sakar wa naira mara, dalar da ake canzarwa a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Saboda haka kasuwa ta karkata ga waya ta hannu, wadda ta kasu gida biyu: akwai wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, da 'yan kasuwa ke kira Landan-yus ko da daga Amurka ko Dubai ta fito, wadda galibi takan biyo ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Farm Centre da ke Kano, akwai kuma wadda wani ɗan gari ya gaji da ita ya kawo domin a yi masa musaya ya ba da ciko. Wayar da ta ratsa hannu uku ko huɗu da tafiyar ɗaruruwan kilomita, da wuya ta iso teburin mai shago ba tabo.

Wanda ya tsaya a bakin shagon waya zai ga tsarin dubawar kusan iri ɗaya ne. Mai saye yakan karɓi wayar ya goge ta a gefen rigarsa, ya fito da ita bakin ƙofa inda rana take, ya karkata ta dama da hagu har haske ya kwanta a kan gilashin, sannan ya bi duk layin da ya gani da farce. Idan ya sami tabo sai ya nuna wa mai shago ya ce, "Alhaji, ka ga nan fa, sai dai ka rage." Shi kuma mai shago amsarsa a shirye take: "Ɗan karce ne kawai, ba ya hana komai, kuma ba a taɓa buɗe ta ba." A kan wannan layi guda za a iya shafe rabin sa'a ana tayi ana cewa albarka, dillali yana gefe yana jiran la'adarsa, a ƙarshe a sallama, mai saye ya tafi bai sa caja ya ga ko wuta na shiga ba, bai kira kowa ya ji ko murya na fita ba, bai kuma tambayi lafiyar batir ba. Daga cikin maganganun mai shagon guda biyu, ta farko gaskiya ce a mafi yawan lokuta, kuma ana iya tabbatar da ita nan take. Ta biyun kuwa, wadda a kanta makomar kuɗin mai saye ta rataya, ita ce babu wanda ya bincika.

Domin a gane dalilin da ya sa karce ya zama dole a jikin waya, sai an san abin da masana duwatsu ke kira ma'aunin tauri, wanda wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812. Ma'aunin ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10, mafi laushi a ƙasa, daimon a ƙololuwa, bisa ƙa'ida guda, cewa mai tauri yana karce mai laushi, mai laushi kuwa ba ya iya yi wa mai tauri komai. Farcen ɗan Adam yana wajen 2.5, gilashin taga yana wajen 5.5, gilashin waya yakan fara nuna karce daga 6, shi kuwa kwaz, wato ma'adinin nan mai ƙyalli wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi, yana kan 7. Abin da wannan ke nufi shi ne makullin gida da sulalla, waɗanda jama'a suka fi zargi, da wuya su ji wa gilashin waya ciwo, amma ƙwayar yashi guda da ta maƙale a ƙasan aljihu tana iya ja masa layi daga sama har ƙasa. Duwatsun da suka kewaye Mubi galibinsu giranit ne, dutse mai ɗauke da kwaz, kuma abin da ruwa da iska suka goge daga jikinsu shi ne yashin da ke kwance a gadon kogin Yedzaram da kan titunan unguwanni. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta sauka a kan kowane tebur daga Nuwamba zuwa Fabrairu, har da teburin mai cajin waya inda ake jera wayoyi kafaɗa da kafaɗa kusa da janareta. Wanda ya goge gilashi da hannun riga a irin wannan lokaci tamkar ya bi shi da samfefa ne mai laushi. Da yawa daga cikin siraran layukan da ake gani a rana ma ba su kai ga gilashin kansa ba, sun tsaya ne a kan wani shafi siriri da masana'anta ke yi masa domin kada maiƙon yatsa ya kama shi, shafin da dama zai goge da kansa bayan an daɗe ana amfani da wayar.

Duk da haka ba kowane karce ne banza ba, kuma a nan ne gwajin farce yake da tushe a ilimi. Gilashin wayoyin zamani, wanda mafi shahararsa shi ne Gorilla Glass na kamfanin Corning da ke Amurka, ana ƙarfafa shi ne ta hanyar tsoma shi cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kimanin digiri 400, inda ƙananan ƙwayoyin sodiyam da ke fatar gilashin ke fita, manyan ƙwayoyin fotasiyam su maye gurbinsu su cunkushe wurin, ta yadda fatar za ta kasance a matse, wannan matsewa kuwa ita ce ke hana ƙaramin rauni buɗe baki. Wani injiniya ɗan Ingila, A. A. Griffith, ya nuna a binciken da aka wallafa a 1921 cewa fashewar gilashi daga bakin wani ɗan ƙaramin tabo take tashi, domin a nan ne nauyin da ya sauka a kansa ke taruwa, kamar yadda yadi ke yagewa cikin sauƙi daga inda tela ya ɗan tsaga shi da almakashi. Karcen da bai ratsa matsattsiyar fatar ba, wanda farce ke wucewa a kansa bai ji komai ba, ba ya rage ƙarfin gilashi yadda za a damu. Wanda farce ke maƙalewa a cikinsa kuwa, musamman idan yana kusa da gefe ko kusurwa, shi ne zai iya zama mafarin tsaga ranar da wayar ta suɓuce ta faɗi a kan siminti. Ko shi ɗin maganinsa gilashin kariya ne da ake liƙawa a sama da gida na roba mai kauri a kusurwa, waɗanda kuɗinsu bai kai komai ba idan aka gwada da kuɗin wayar.

Masu kasuwar shanu ta Mubi sun daɗe da sanin irin wannan rarrabewa, ko da yake a jikin dabba suka san ta. Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, malamin da ya rasu a 996 wanda har yau ake karanta littafinsa a zaurukan malamai a faɗin Arewa, ya bambanta aibin da ke hana dabba isa layya da aibin da ba ya hanawa. Mai ido ɗaya, da marar lafiya, da gurguwar da gurguntarta ta bayyana, da ramammiyar da kitse ya ƙare mata, ba sa isarwa, amma ɗan yanka kaɗan a kunne ba ya hanawa, kuma ragon da ƙahonsa ya karye yana isarwa muddin karayar ta warke, sai idan tana jini ne ake ƙinsa. Hikimar da ke cikin wannan hukunci ita ce an bar munin ƙahon a gefe, an duba ko raunin ya tsaya ko kuwa yana ci gaba da cin jikin dabbar. Babu ma'aunin da ya fi wannan dacewa da kayan lantarki. Karce marar zurfi, da ƙujewar fenti a kusurwa, da koɗewar launi a bayan waya ko a inda tafin hannu ke zama a kan kwamfutar tafi-da-gidanka, duk ƙaho ne da ya warke, shaidar abin da ya riga ya wuce, wanda ba zai ƙara komai gobe ba. Akwai kuma aibobin da a ido ba su fi waɗannan girma ba, wani lokaci ma ba su kai su muni ba, amma jini suke yi.

Mafi haɗari a cikinsu shi ne murfin baya da ya ɗan ɗago, ko gilashin gaba da ya rabu da jikin wayar har ana iya zura farce a tsakani, abin da mai shago kan ce gam ne ya saki. Wani lokaci gam ɗin ne da gaske, amma sau da yawa batir ne ya kumbura yake turo murfin daga ciki. Batirin litiyam, wanda shi ne a cikin kowace wayar zamani da kwamfutar tafi-da-gidanka da fawa-banki, idan ya tsufa, ko ya sha zafi, ko aka riƙa ba shi wuta da caja marar kyau, sinadarin da ke cikinsa yakan lalace ya fitar da iska, iskar ta hura jakarsa kamar balan-balan, kuma idan wani abu ya huda shi ko aka matse shi yana iya kamawa da wuta. Duniya ta ga girman haɗarin batir a 2016, lokacin da Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 kimanin miliyan 2.5 daga kasuwa a watan Satumba, ya kuma daina ƙera ta baki ɗaya a watan Oktoba saboda batiranta na cin wuta, alhali wayoyin sababbi ne fil, babu ko ɗigon tabo a jikinsu. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa zafin wurin da ake amfani da wayarsa kada ya wuce digiri 35, iyakar da Mubi ke haurawa a ranakun Maris da Afrilu, balle wayar da aka bari a gaban Keke Napep rana na dukanta. Wanda ya ɗaure ɗagaggen murfi da roba ko salatif, ya sa wayar a ƙarƙashin matashin kai tana caji, da garwashi ya kwana, kuma abin da ya wajaba a kansa shi ne ya kai ta wurin mai gyara a cire batirin a ranar da ya ga alamar.

Tsaga ma, ko da siririyarta ta kai silin gashi, ƙofa ce da aka buɗe wa ƙura da gumi da laimar damina. Manyan wayoyi sukan zo da alamar IP67 ko IP68, inda lamba ta farko ke nuna kariya daga ƙura, ta biyu kuma kariya daga ruwa, 6 tana nufin ƙura ba ta shiga sam, 7 tana nufin wayar za ta jure zurfin mita ɗaya na ruwa tsawon minti 30. Amma wannan alkawari ya rataya ne a kan gam da robar da masana'anta ta liƙe jikin wayar da su, saboda haka yana faɗuwa da tsaga ta farko ko buɗewa ta farko. Baƙin tabo mai kama da ɗigon tawada a ƙarƙashin gilashi alama ce cewa allon da ke nuna hoto ya fashe daga ciki, kuma al'adarsa ce ya riƙa bazuwa har ya cinye fuskar wayar, saɓanin mataccen ɗigo guda, wato ɗaya daga cikin ƙananan ɗigogin haske da ke haɗuwa su ba da hoto, wanda a allo mai ɗigo 720 a faɗi da 1,600 a tsawo shi ɗaya ne cikin 1,152,000, kuma galibi inda ya mutu nan yake tsayawa. Lanƙwasar jiki ita ma tana cikin masu jini, domin fanel, wato farantin da aka dasa dukan ƙananan sassan wayar a kansa, yana lanƙwasawa tare da ita. An yi ta ƙorafi kan lanƙwasar iPhone 6 Plus a 2014, kuma a Nuwamban 2016 Apple ya buɗe shirin gyaran wayoyin wannan samfuri da allonsu ya daina jin taɓawa, matsalar da kamfanin ya danganta da yawan faɗuwa, masu gyara da dama kuma suka danganta ta da wannan lanƙwasa. Haka hukuncin yake ga igiyar caja da ta saɓule har ƙarfen cikinta ya fito, da ƙyauren kwamfuta da mariƙinsa ya fara tsagewa.

Idan kuwa haka ne, me ya sa mai saye ke mutuwa a kan karce? Ba wauta ba ce, rashin wata hanya ce. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin wannan matsala a wata maƙala ta 1970 da ya gina a kan kasuwar tsofaffin motoci: idan mai sayarwa ya san abin da ke cikin kaya, mai saye kuwa bai sani ba, to mai saye zai riƙe duk alamar da idonsa ya kai gare ta, kuma mai kaya na gari zai rasa farashin da ya cancanta domin ba shi da hanyar nuna bambancinsa da na banza. Mai sayen waya yana ɗaukar fatarta ne a matsayin shaida kan yadda mai ita na farko ya riƙe ta, kuma a da wannan shaida tana da ɗan ƙarfi. Yau ta yi rauni ƙwarai, domin abin da kasuwa ke biya shi kasuwa ke ƙerawa. Murfin baya da firam da gilashi duk ana sayar da su daban a kan kuɗi kaɗan, kuma mai gyara da ya iya hannunsa, da na'urar hura iska mai zafi da gam da 'yan robobin da zai ɗaure allo har ya kama, yana iya mayar da wayar da ta sha ruwa ta sha faɗuwa ta fito tsaf kamar yau aka ciro ta a kwali. Kyan ɗan maciji ke nan. Malaman fiƙihu sun san irin wannan da sunan tasriya, wato a ƙi tatsar saniya ko akuya kwanaki kafin a kai ta kasuwa domin hantsarta ta cika mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce, kuma shari'a ta ba wanda aka yi wa haka damar mayar da dabbar tare da sa'i guda na abinci a madadin nonon da ya tatsa. Tsohuwar wayar da ta shekara uku a hannun mutane amma babu ko ƙwarzane a jikinta ta fi cancantar tambaya a kan wadda ta zo da tabonta a fili, domin tabon da ya dace da shekarun waya yana nuna cewa jikin da ta fito da shi daga masana'anta shi ne har yanzu a kanta.

Daga nan ne kuma ake gane asarar da masu waya ke jawo wa kansu idan suka kai lafiyayyen allo a canza saboda ɗan karce. Allon da waya ta zo da shi, wanda 'yan kasuwa ke kira folo-kam, an ƙera shi ne daidai da ita, wanda za a sa a madadinsa kuwa sau da yawa kwafi ne, haskensa bai kai ba a cikin rana, yatsa yana taɓawa yana jinkirin amsawa, wani kuma yana shan batir fiye da na asali, ga shi an karya liƙin da ke tare ƙura. An sayar da kare ke nan an sayi biri, kuma an biya kuɗi a kai.

Wannan duka bai nuna cewa karce ba shi da hukunci ko kaɗan ba. Wanda ya biya cikakken kuɗin sabuwar waya yana da haƙƙin ya karɓe ta ba tabo, kuma idan ya buɗe kwali ya ga ƙujewa, dalili ne na ya ƙi karɓa, domin ko dai an yi sakaci a masana'anta ko kuma tsohuwa ce aka sake naɗewa a leda. Kamfanoni da kansu sun sha biyan farashin raina wannan haƙƙi: bayan masu sayen ƙaramar na'urar sauraron kiɗa ta iPod nano, wadda ta fito a 2005, sun kai ƙara cewa fuskarta tana karcewa da wuri, Apple ya amince a 2009 ya biya dala miliyan 22.5 domin a sasanta, kuma a 2016 da ya fitar da iPhone 7 mai baƙin launi mai sheƙi, shi da kansa ya rubuta gargaɗi cewa launin zai nuna siraran ƙujewa idan ana amfani da shi. Amma da zarar waya ta bar shago hukunci ya juya, domin takardar garantin kamfanin ta fitar da karce da lotsawa daga cikin abin da yake ɗaukar nauyinsa. A Nijeriya, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci da haƙƙin mayar da masu aibi. Haka nan wayar da za a sa a lefe ko a ba wa uwa kyautar Salla, kyan jikinta yana cikin abin da aka saya, kuma babu mai hankalin da zai zargi wanda ya nemi marar tabo saboda irin wannan buƙata. Ga wanda ke da niyyar sayarwa ko musaya nan gaba ma, karce kuɗi ne da zai fita daga aljihunsa, tun da kasuwa tana rage farashi a kansa ko yana hana aiki ko ba ya hanawa. Sai dai wannan ragin shi ne ribar mai saye da ya san abin da yake nema, domin ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya zaɓi waya mai ƙujewa a kusurwa, wadda ba a taɓa buɗewa ba kuma batirinta na da rai, ya sayi aiki iri ɗaya a kan kuɗi ƙasa da na wanda ya bi sheƙi.

Abin takaici shi ne kunyar da ta shiga tsakanin matasa da tsofaffin wayoyinsu, har mutum ya riƙa ɓoye wayarsa a taron biki ko a aji saboda fentinta ya goge, ya ci bashi ko ya taɓa jarinsa domin ya canza abin da bai lalace ba. A garin da 'yan kasuwa da yawa suka sake ɗaga shagunansu daga tushe bayan mamayar da Boko Haram ta yi masa a ƙarshen Oktoban 2014, an san zafin tara jari fiye da a bar shi ya tafi a kan fenti. Kuma abin bai tsaya kan aljihu ba, domin rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, wanda kashi 22.3 cikin ɗari kaɗai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa, kuma kowace waya mai aiki da aka yar saboda muni ƙari ce a kan wannan tuli.

Rabin sa'ar da ake kashewa a kan karce ta ishi mai saye ya yi binciken da ke da amfani. Zai iya danna *#06# ya ga lambar IMEI, wato lamba mai alƙaluma 15 da ke bambanta kowace waya da sauran, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali ko mazaunin sim, ya sa nasa layin ya yi kira ya ji lasifika da makirfo, ya sa caja ya ɗan motsa igiyar ya ga ko wuta na yankewa, ya kwantar da wayar a kan tebur ya ga ko tana rawa, wanda alama ce ta lanƙwasa ko kumburi, ya buɗe farin shafi ya duba tabo da bambancin haske, ya tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa, sannan a wayoyin da ke nuna lafiyar batir ya duba ko ta sauka ƙasa da kashi 80. Amma akwai abin da duk iya bincikensa ba zai gani ba sai an faɗa masa, kuma a nan nauyi ya koma kan mai sayarwa. Ƙa'idar Malikiyya ita ce aibin da mai saye ya gani ya yarda da shi ba ya ba shi damar mayar da kaya, wanda aka ɓoye masa kuwa, matuƙar yana rage farashi a al'adar 'yan kasuwa, yana ba shi wannan dama, kuma babu Musulmi ko Kirista a kasuwar Mubi da addininsa ya halatta masa cin kuɗin algus. Saboda haka ana kira ga shugabannin masu sayar da waya da masu gyara a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu da su wajabta wa 'ya'yan ƙungiyoyinsu rubuta lambar IMEI a kan kowane rasit, tare da bayyana ko an taɓa buɗe wayar da sunan duk sashen da aka canza a cikinta, su kuma yanke wa'adin kwanakin gwaji da mai saye zai iya dawo da ita idan ya tarar da saɓanin abin da aka rubuta masa.